Yadda Na'ura Ke Zaƙulo Amsa Daga Tarin Takardu, da Yadda Za Ka Shirya Mata Naka

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya ya san irin tambayar nan da ke tsayar da zama cak: "Malam sakatare, a wane taro ne muka yanke cewa wanda bai kammala biyan kuɗin taki ba, ba zai shiga rabon bana ba?" Maganar tana nan a rubuce, kowa ya tuna an yi ta, amma a wane littafi, a wane shafi? Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa da alkama a wani ƙauye na ƙasar Auyo, ina kuma koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren da ke kusa da mu. Akwatin ƙarfen ƙungiyarmu cike yake da littattafan bayanan taro, da rasidai, da jerin masu bashi, da 'yan takardun da malaman gona ke rabawa, wasu da Hausa, wasu da Turanci, wasu ma ambaliyar 2022 ta bar musu tabo.

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo wayoyin mutane, 'yan'uwana sakatarori da malaman makaranta suke tambayata ko za a iya zuba irin waɗannan takardu a waya, a riƙa tambayarta tana ba da amsa. Ana iyawa, kuma akwai amfani. Sai dai wanda bai san abin da ke gudana a cikinta ba zai yarda da ita a inda bai kamata ba, ya kuma zarge ta a inda gyaran yake hannunsa. Shi ya sa zan fara da yadda take aiki, sannan in zo kan abin da ya rataya a wuyanka.

Aiki biyu ne a jere

Na'urar ba ta haddace takardunka ba. In tarin yana da yawa, ba ta kuma bin sa daga bango zuwa bango duk sanda ka yi tambaya. Da farko nema take yi: ta zaɓo 'yan gutsattsarin rubutu, biyar ko goma ko ashirin, waɗanda take zaton amsar tana cikinsu. Sannan karatu: ta duba waɗannan kaɗai da kyau, ta fitar da amsa. Kamar ka shiga Dawanau neman riɗi ne. Dillali zai kai ka layin da kayan suke, ya nuna maka buhuna kaɗan, kai kuma ka soka, ka murza a tafin hannu, ka zaɓa. In dillalin ya kai ka layin gero, duk ƙwarewarka a sanin riɗi ba za ta yi maka rana ba.

Wannan tsari na mai nema da mai karatu ya daɗe. A 1999 hukumar ma'aunai ta Amurka ta buɗe sashen amsa tambayoyi a gasar TREC, wato gasar gwada na'urorin binciken rubutu, inda aka bai wa na'urori tarin labaran jaridu da tambayoyi kimanin 200, aka ce kowacce ta kawo ɗan gajeren yankin da amsar take ciki. A 2017 wata mai bincike, Danqi Chen, da abokan aikinta suka fitar da wani tsari mai suna DrQA, wanda ke fara zaɓo maƙaloli kaɗan daga Wikipedia ta Turanci, sannan ya karanta su. Manhajojin yau da ake loda wa takardu jikokin wannan tsari ne.

Yadda take nema

Kafin ka yi tambaya ko ɗaya, ta riga ta yi wa takardun fihirisa. Ta tsinke rubutun kalma-kalma, ta rubuta a gaban kowace kalma jerin wuraren da ta fito. In ka yi tambaya, wannan jerin take dubawa, shi ya sa amsar ke zuwa nan take ko da shafukan sun kai miliyan.

Amma kalmomi ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a nan ne hikimar take. A ce littattafanmu sun kai shafi 300. Kalmar "da" tana kowane shafi. "Taki" ya fito a shafi 80. "Yuriya" ta fito a shafi 6 kawai. Wacce ce za ta fi nuna maka hanya? Kowa ya san ta ƙarshen ce. Wata masaniya a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Karen Spärck Jones, ita ce ta mayar da wannan fahimta lissafi a 1972. Ga yadda nake nuna wa ɗalibaina: raba yawan shafuka duka da yawan shafukan da kalmar ta fito. Ta "da" ta ba ka 1, ta "taki" kusan 4, ta "yuriya" 50. Sai a ɗauki logarizim ɗinsu, wato lissafin da ke matse manyan lambobi, don kada tazarar ta yi yawa: 0, da kusan 0.6, da kusan 1.7. Ka ga "da" ta tashi a tutar babu, kuma daidai ke nan. Kowane shafi ana tara masa makin kalmomin tambayarka da ke cikinsa, wanda ya fi maki shi ne a sama.

Daga baya Stephen Robertson da abokansa a Landan suka gyara lissafin a shekarun 1990, suka fitar da wanda ake kira BM25, wanda manhajojin bincike da yawa ke aiki da shi har yau. Gyara biyu suka yi masu ma'ana. Shafin da ya ambaci "yuriya" sau ashirin bai ninka wanda ya ambace ta sau biyu daraja har sau goma ba. Bayan 'yan maimaici kaɗan makin yana daina hawa sosai. Sannan dogon rubutu ana rage masa maki, domin tsawonsa kaɗai zai sa kalmomi da yawa su faɗo ciki ba tare da maganar ta shafe su ba.

Raunin wannan hanya a fili yake: harufa take gani. Ka tambaya da "rance", ni kuma na rubuta "bashi" ko "lamuni", ba za su haɗu ba. Ka ce "ambaliya", littafin ya ce "ruwa ya ci gonakin gabas", shiru. Ko "gona" da "gonaki", "buhu" da "buhuna", a wurinta baƙin juna ne, sai in an koya mata yadda Hausa ke yin jam'i, kuma manhajoji da yawa ƙa'idar Turanci aka koya musu. Akwai kuma kalmar da ta fi ba ni aiki a littafin ƙungiya, wato "tara". An ci mutum tara, kuɗin naira dubu tara ne, an ce a tara su wurin ma'aji. Mu muna bambance su da karin sauti da tsawon wasali, rubutun boko kuwa bai nuna ko ɗaya ba.

Don haka aka fito da hanya ta biyu, ta ma'ana. Ana horar da na'ura da rubutu mai tarin yawa har ta lura da irin kalmomin da ke zama a wuri ɗaya. Sannan a mayar da kowane gutsuren rubutu jerin lambobi, a wasu tsare-tsaren guda 768, ta yadda rubutu biyu masu magana ɗaya lambobinsu za su yi kusa. Tambayarka ma a mayar da ita lambobi, a auna wane gutsure ne ya fi kusa da ita. A 2020 masu bincike a kamfanin Facebook suka yanka Wikipedia ta Turanci gutsure-gutsure, kowanne kalma 100, suka sami kusan miliyan 21, suka nuna cewa a yawancin gwaje-gwajensu wannan hanya ta fi ta ƙirga kalmomi kamo wurin da amsa take. Da ita "rance" zai iya kai ka ga "bashi".

Ita ma tana da nata raunin. Abin da ya yi kama da juna tana iya cakuɗa shi: irin shinkafa Faro 44 da Faro 52, lambar rasidi, sunaye biyu masu kama. A irin wannan tsohuwar hanyar ta fi ta ido. Shi ya sa tsare-tsare masu kyau ke haɗa biyun. Sannan ƙarfinta ya dogara ne ga yawan rubutun da aka horar da ita da shi, Hausar da ke intanet kuwa ba ta kama ƙafar Turanci ba. A 2023 masu bincike na ƙungiyar Masakhane da abokan aikinsu suka fitar da AfriQA, tambayoyi sama da 12,000 a harsunan Afirka goma, har da Hausa. Ana yin tambayar da harshen gida, a nemo amsar a rubutun Turanci ko Faransanci. Abin da suka gano shi ne fassarar na'ura da hanyoyin nema na harsuna da yawa ba su taɓuka abin kirki ba a waɗannan harsuna. An ci gaba tun daga lokacin, amma ni dai a hannuna har yanzu tambayar Hausa a kan takardar Turanci ta fi saurin ɓata hanya.

Yadda take karantawa

Masu karatun iri biyu ne. Na farko ba ya ƙirƙirar kalma ko ɗaya. Yana duba gutsuren da aka ba shi, ya sa alama inda amsar ta fara da inda ta ƙare, ya yanko maka. Yana kuma lura da irin tambayar: "yaushe" na neman rana, "nawa" na neman adadi, "wa" na neman mutum, "ina" na neman wuri. Irin wannan aka horar da tarin SQuAD na Jami'ar Stanford a 2016, tambayoyi sama da 100,000 da mutane suka rubuta a kan sakin layukan Wikipedia. Shekara biyu bayan haka suka ƙara wasu sama da 50,000 waɗanda da gangan ba su da amsa a cikin rubutun, don a koya wa na'ura ta ce babu. Wannan ƙarin, a ganina, ya fi na farkon muhimmanci.

Na biyu shi ne wanda ke wayoyinmu yanzu. Ana miƙa masa tambayarka tare da gutsattsarin da aka nemo, shi kuma ya tsara amsa da bakinsa, jimla bayan jimla. Daɗin karantawa gare shi, yana iya haɗa bayanin shafi biyu, yana iya mayar maka da Turanci Hausa. Haɗarinsa kuma a nan yake. Aikinsa shi ne ya zaɓi kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, saboda haka in mai nema ya kawo masa shafin da ba shi ba, ko bai kawo komai ba, yana iya tsara maka amsa mai santsi daga abin da ya saba gani a wasu wurare. Muryarsa ba ta rawa in yana ƙarya. Watson, wani tsarin kwamfuta na kamfanin IBM, wanda ya doke zakarun gasar kacici-kacici ta Jeopardy a Amurka a Fabrairun 2011, yana auna ƙarfin hujjar kowace amsa, in ba ta kai wani mizani ba sai ya ƙi danna ƙararrawa. Manhajar da ke hannunka ba lallai ta yi wannan kawaicin ba, sai ka tilasta mata.

Shirya takardunka

Yawancin aikin a nan yake, kuma ba wanda zai yi maka shi.

Fara da mayar da takarda rubutun waya. Takardun da aka buga da inji, kamar na malaman gona, ɗauki hotonsu da rana a inuwa, a shimfiɗe, ka sa manhajar da ke ciro rubutu daga hoto ta ciro. Ka bi abin da ta ciro da ido, musamman lambobi, domin 1 da 7, ko 0 da 6, suna rikiɗa a takardar da ta sha ruwa. Rubutun hannu kuwa, musamman na tsofaffin littattafanmu da wanda aka yi da ajami, bugawa da hannu ya fi sauri a kan gyaran abin da na'ura ta kwaso. Kada ka ce sai ka buga komai. Fara da dokokin ƙungiya da shawarwarin da aka yanke, su ake yawan jayayya a kansu. Gaisuwa da addu'ar buɗe taro suna iya zama a littafi.

Sai rubutun kansa. Zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. In za ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ, rubuta su ko'ina, ka kuma yi tambaya da su. Allon rubutu na Gboard yana da tsarin Hausa mai ɗauke da su. Ga manhajoji da yawa "kuɗi" da "kudi" kalmomi biyu ne daban, don haka in rabin fayil ɗinka da lanƙwasa rabi babu, rabin amsoshinka sun ɓuya. Haka sunayen kaya da wurare: in "yuriya" ce, ta zama "yuriya" daga farko har ƙarshe. Inda abu ke da suna biyu da mutane ke amfani da su, rubuta duka biyun sau ɗaya a cikin jimlar, kamar "bashin taki, wato rancen da aka karɓa a farkon noman rani". Wannan 'yar wahalar tana buɗe wa hanyoyin nema biyun ƙofa.

Abu na gaba shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi komai tasiri. Na'urar za ta yayyanka rubutunka, kuma kowane yanki shi kaɗai zai je gaban mai karatu, ba tare da na samansa ko na ƙasansa ba. Dubi yadda muka saba rubuta bayanin taro:

"An tattauna maganar. Shugaba ya ce a ba shi mako biyu. In bai kawo ba a cire shi. Kowa ya amince."

Wanda ya halarci zaman ya gane. Amma wace magana? A ba wa? Ya kawo me? A cire shi daga me? Ranar taron tana can saman shafin da ya gabata. In aka yanko wannan shi kaɗai, babu tambayar da za ta kamo shi. Ga yadda nake rubuta irinsa yanzu:

"Taron 12 ga Janairu, kan bashin taki na noman rani. An yanke cewa duk memban da bai kammala biyan kuɗin taki ba za a ba shi mako biyu. In bai biya ba, za a cire sunansa daga rabon taki na bana. An amince baki ɗaya."

Ka sa shekarar ma a kowane sakin layi, ko da ka gaji da maimaitawa. Magana ɗaya, sakin layi ɗaya, kada ya wuce kalma ɗari ko ɗari da hamsin. Taron da aka yi maganar taki, da gyaran injin ban ruwa, da sharar kacalla a magudana, da gadin tsuntsu jan-baki, a raba shi gida huɗu, kowanne da kwanan watansa da kan maganarsa. In ka cusa su wuri ɗaya, lambobin ma'anar yankin za su zama gauraye, bai yi kusa da kowace tambaya sosai ba.

Jadawali ma yana ba da matsala, domin in aka ciro shi daga hoto layuka da ginshiƙai suna tarwatsewa, adadi ya rabu da sunan abin da yake nufi. Ƙaramin jadawali, mayar da shi jimloli. Babba kuwa, irin na biyan kuɗin membobi, bar shi a manhajar jadawalin lissafi, zan faɗi dalili a ƙasa.

Sannan tsohuwar doka da sabuwa. A ce a 2021 an sa kuɗin rajista wani adadi, a 2024 aka ƙara. Shafukan biyu duka sun dace da tambayar "nawa ne kuɗin rajista", wataƙila ma tsohon ya fi maki don an fi maimaita kalmar a cikinsa. Na'urar ba ta san an soke shi ba sai ka gaya mata. Koma kan tsohon ka rubuta a ƙarshensa: "An soke wannan a taron kaza, duba sabon adadi." A kan sabon kuma ka rubuta cewa shi ne ke aiki yanzu.

Yadda za ka tambaya

Zaɓi manhajar da ke nuna maka inda ta samo amsa. NotebookLM na Google, alal misali, yana sa 'yan lambobi a jikin amsar, in ka taɓa su kai ka wurin a takardarka. Duk manhajar da za ka ɗauka, wannan shi ne sharaɗin farko. Kafin tambayar farko kuma ka rubuta mata umarni a sarari: ta amsa daga takardun nan kawai, ta kawo jimlar da ta dogara da ita kalma da kalma, in ba ta samu ba ta ce ba ta samu ba.

Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. In ka haɗa taki da injin ban ruwa a jimla guda, nemanta zai rabu biyu, kowane ɓangare ya sami rabin kulawa. Sa kalmar da ba ta da yawa a cikin takardun, tunda ka ga ita ke da nauyi: "me aka yanke kan bashin yuriya a noman ranin 2023" ya fi "me aka ce kan bashin nan" nesa ba kusa ba. Bar dogon gabatarwa. Kada kuma ka cusa amsar da kake so a cikin tambayar. In ka ce "ai mako uku aka ba su ko?", irin mai karatun nan na biyu yana da son bin bakin mai tambaya. Ce "mako nawa aka ba su?"

In ta ce babu, kada ka tsaya nan. Sau da yawa mai nema ne ya kuskure, amsar tana nan. Sauya kalma: "bashi" zuwa "rance", "ambaliya" zuwa "ruwa ya ci". In takardar ta Turanci ce, gwada tambayar da kalmar da ke jikin takardar. In duk ba ta kamo ba, koma ga nema na kai tsaye da ke cikin kowace manhajar rubutu, ka buga guntun kalmar, kamar "gona" ko "buhu", ka bi wuraren da ta haska ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya bukatar data ko sabis, abin da ke da muhimmanci a wurinmu da wani lokaci sai ka hau tudu kafin saƙo ya fita.

Akwai tambayoyin da ba nata ba ne sam. "Mutum nawa ne ba su biya ba?" "Nawa muka kashe a man inji bara gaba ɗaya?" Amsar irin waɗannan tana warwatse a shafi talatin ko arba'in, ita kuwa 'yan kaɗan take ɗaukowa. Za ta tara abin da ta gani ta ba ka jimilla da cikakken ƙarfin gwiwa, alhali sauran suna can ba ta taɓa su ba. Lissafin kuɗi na jadawali ne da ma'aji. Haka tambayar "me ya sa". In ba a rubuta dalilin a littafi ba, duk dalilin da ta kawo nata ne.

Gwada ta kafin ka kai ta gaban jama'a

Rubuta tambayoyi kamar ashirin da ka riga ka san amsarsu da shafinsu. Sa masu sauƙi, sa waɗanda ka yi da wata kalma daban da ta littafin, sa wadda dokarta ta canja. Sannan ka sa uku ko huɗu da ka tabbata babu amsarsu, misali kuɗin hayar tarakta a shekarar da ba ku yi haya ba. Waɗannan na ƙarshen su za su nuna maka halinta. In ta ƙirƙiro musu adadi, ka san da wa kake zaune.

Duk inda ta kuskure, duba abu ɗaya: shafin da ta nuna daidai ne ko kuwa? In shafin ba shi ba ne, matsalar nema ce, gyaranta kuma yana cikin rubutunka, wato kan magana, kwanan wata, ko kalmar da ta ɓace. In shafin daidai ne amma amsar ta karkace, matsalar karatu ce, sau da yawa jimlar ce ke da harshen damo, ko akwai "ba" ɗin da ta tsallake. Hausa tana korewa da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, in yankan ya faɗo a tsakaninsu ma'ana ta juye. Gajerun jimloli suna maganin wannan.

Ranar da na fara nuna wa shugabanmu, dattijo ne da ya haura saba'in, ya saurari amsar da na karanto daga waya har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, ita wayar tana wurin taron ne?" Na ce, "A'a Baba, abin da na rubuta kawai ta gani." Ya ce, "To ɗauko inda ka rubuta." Na buɗe akwati na ɗauko littafin, na buɗe shafin da ta nuna, ma'aji ya karanta da ƙarfi, ga sa hannun mutum uku a ƙasa. Tun daga ranar haka muke yi: waya ta nuna shafi, littafi ya yi magana. Saboda haka a ƙarshen kowane sakin layi da na buga nake sa lambar littafi da ta shafi, kamar "littafi na 3, shafi na 41". Kada ka yar da takardun asali don ka buga su.

A kan maganin feshi da awon taki ina da tsauri fiye da haka. Ko ta kawo jimlar daidai daga takardar malamin gona, takardar tana iya zama ta wani magani mai ƙarfi daban da wanda ke hannunka. Awon da ke jikin kwalbar shi ne abin bi, in da shakka a tambayi malamin gona.

Amanar mutane

Yawancin waɗannan manhajoji ba a cikin wayarka suke aikin ba. Abin da ka loda yana tafiya kwamfutocin kamfanin ne a wata ƙasa. Littafin ƙungiya kuwa cike yake da sirrin mutane: wanda bashi ya yi wa katutu, wanda aka yafe wa saboda rashin lafiya a gidansa, gwauruwar da aka biya wa a ɓoye. Ba su ba ka wannan don ka miƙa wa wani ba. Kafin ka loda, cire lambobin waya, da lambar BVN da ta NIN, da lambar asusun banki. Sunaye kuma mayar da su lambar memba, ka ajiye takardar da ke fassara lambobin a akwati. Ka kuma kawo maganar gaban taro a amince kafin ka fara, a rubuta amincewar a littafi.

Bayan kowane zama, buga shawarwarin a daren ko washegari tun kana tuna wanda "shi" da "ita" ke nufi. Ajiye kwafin fayil ɗin a katin memori daban, ka ba ma'aji ya riƙe, domin wayar da ke kwana a shagon caji tana iya ɓata ko ta lalace. In ka ƙara sabon rubutu, sake loda fayil ɗin ka cire tsohon, in ba haka ba fihirisar tana nan a kan na da, kuma za ka riƙa samun amsa biyu ga tambaya ɗaya.